Uwargida da Mota: Idan Kullum Sai Kin Ƙara wa Lagireto Ruwa

 

A wannan makon za mu ɗan bar kicin mu leƙa ƙarƙashin bonet. Da yawa daga cikinmu mu ke kai yara makaranta, mu ɗauko su, mu wuce kasuwa, mu je awo, mu je dubiya. Kuma in za a faɗi gaskiya, motocin da ke hannun akasarinmu sun girmi 'ya'yanmu na fari. Tawa ta haura shekara 20 da ƙerawa, kuma ita ce ta koya mini karatun da zan biya muku yau.

Bara warhaka na shiga wata ɗabi'a. Kullum da safe kafin mu fita sai na buɗe bonet na juye ledar ruwa guda a lagireto. Bayan 'yan makonni leda ɗaya ta daina isa, sai biyu. Na yi wa wata maƙwabciyata zancen, ta ce, "Haba Maman yara, ai tsohuwar mota haka take, shan ruwa gare ta kamar raƙumi." Maganar ta yi mini daɗi domin ba ta ce in kashe ko sisi ba, sai na riƙe ta.

Ran nan da misalin ƙarfe biyu na rana, na ɗauko yara uku daga makaranta, muka faɗa gosulo a Titin Zariya a nan Kano. Sai na ji wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar an ƙona sukari. Ina duba gabana na ga allurar zafi ta tafi can sama, tururi na fitowa ta gefen bonet. Na samu na gangara gefen titi. Kafin ka ce kwabo jama'a sun taru, wani saurayi mai niyyar taimako ya kai hannu zai murɗe murfin lagireto. Wani dattijon direban bas ya daka masa tsawa, "Kai yaro, kada ka taɓa!" Sannan ya juyo ya ce mini, "Hajiya, kashe motar, ki kai yaran nan inuwa. Ba abin da za a yi sai ta huce."

Mun fi awa guda a bakin titi, autana na kuka, yayyensa sun yi jugum. Da bakanikenmu ya iso ya haska bayan injin, sai ga wani ɗan siririn tiyo ya tsage, tsagar ba ta kai tsawon farce ba. Kuɗin sabon tiyon bai kai cefanen yini guda ba. Ya ce, "Hajiya, Allah ya taimake ki kin tsaya da wuri. Da kin matsa mata kaɗan, da yanzu maganar sauke kan inji muke yi." Wannan kuwa aiki ne da kan cinye kuɗin makarantar zango guda.

Ina ruwan yake tafiya?

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, mota lafiyayya ba ta shanye ruwa. Fetur ne ake ƙonawa ya ƙare. Ruwan lagireto kuwa zagaye yake yi a rufaffiyar hanya: famfon ruwa ya tura shi cikin inji ya kwaso zafi, ya biyo ta babban tiyo na sama ya shiga lagireto, iska da fanka su huce shi, ya koma inji ta tiyon ƙasa. Haka yake ta kewayawa. A lafiyayyar mota sai a yi watanni ba a ƙara ko kofi ɗaya ba.

Inji yana aiki ne a zafin da ya kai wajen digiri 90 zuwa 100 a ma'aunin Salshiyas, ruwa kuma yana tafasa a digiri 100. Abin da ke hana shi tafasa shi ne murfin lagireto, wanda ke matse hanyar kamar yadda tukunyar nan mai kulle murfi ke yi idan ana dafa ganda ko wake. Da wannan matsi ruwan kan jure har wajen digiri 120. Da zarar an samu ɓula, matsin ya zube, ruwan ya ragu, sauran ya tafasa da wuri. Ki haɗa wannan da ranar watan Afrilu da zafinta kan haura digiri 40 a garuruwanmu, ga gosulo, ga na'urar sanyaya mota a kunne.

Don haka idan kin ga kina ƙara ruwa kullum, ko duk bayan kwana biyu, akwai inda yake fita. Ruwa ba ya tsami banza.

Binciken da za ki iya yi da kanki

Ba sai kin iya riƙe sifana ba. Kwali, fitilar wayarki da minti goma sun isa. Sharaɗi ɗaya ne: a yi shi da safe, motar ta kwana ta huce sarai, inji a kashe. Ki kuma tattare hijabinki ko gyalenki ki soke shi kafin ki sunkuya. Fankar wasu motoci kan tashi da kanta ko da an zare makulli, kuma idan inji na aiki fanbel ba ya wasa da bakin mayafi.

Na farko, kwali. Da yamma idan kin faka, ki shimfiɗa faffaɗan kwali a ƙarƙashin gaban motar. Da safe ki jawo ki duba. Idan kin ga ɗigon ruwa kore, ko ja, ko ruwan hoda, ko shuɗi, mai ɗan santsi a yatsa da ƙanshin zaƙi, ruwan sanyaya inji ne, wanda kanikawa ke kira kulant. Idan ruwan famfo kike zubawa, ɗigon zai zo da kalar tsatsa. Baƙi mai kauri kuwa baƙin mai ne, wannan wata maganar ce daban. Ruwa fari tas mara wari da ke ɗiga ta wajen ƙafar mai zaman gaba bayan an kunna na'urar sanyi, wannan gumin na'urar ne, ba matsala ba ce. Ki lura da inda ɗigon ya faɗa a kwalin, domin zai nuna wa bakanike ɓangaren da zai fara dubawa.

Na biyu, robar ajiya. Kusa da lagireto akwai wata farar roba mai layi biyu, an rubuta MIN da MAX, ko LOW da FULL. Ruwan ya kamata ya tsaya tsakaninsu. Ki ɗiga jan farce a daidai inda ya tsaya, ko ki ɗauki hotonsa da waya kullum da safe har kwana uku ko huɗu. Hotunan za su gaya miki gaskiya fiye da tunaninki. A tsohuwar mota ki buɗe murfin lagireton shi ma ki leƙa, domin wani lokaci robar na cike alhali lagireton ya yi ƙasa. Wasu motocin Turai, kamar Golf, ba su da murfi a jikin lagireto, murfin robar shi ne mai riƙe matsin.

Na uku, fitila. Ki haska duk inda tiyo ya haɗu da ƙarfe. Ruwan da ya fita ya bushe kan bar tabo fari-fari, ko kore, ko ja, kamar busasshen gishiri. Ki matsa manyan tiyo biyun da hannu. Mai lafiya yana da ƙwari amma yana lotsawa ya dawo. Wanda ya yi laushi kamar dafaffiyar taliya, ko ya kumbura a bakinsa, ko ya bushe yana tsattsagewa, kwanansa ya ƙare.

Wuraren da aka fi samun yoyo

Tiyo da kilif ɗinsa su ne na farko a tsohuwar mota, kuma su ne mafi sauƙin kuɗi. Wani lokaci ma kilif ne kawai ya saki.

Sai murfin lagireto. Ki juya shi ki duba robar da ke ciki. Idan ta tsage ko ta taurare, ba zai riƙe matsi ba, ruwan zai riƙa tafasa yana fita ta robar ajiya ba tare da kin ga ɓula ko'ina ba. A jikin kowane murfi akwai lamba, galibi 0.9 ko 1.1. Idan za ki saya, a nemo mai lamba irin wadda motar ta zo da ita.

Sai lagireton kansa. Yawancin na motocin da muke hawa tsakiyarsu alminiyam ce, sama da ƙasa ko gefe da gefe kuma roba. Shekaru da zafi kan sa robar ta gaji ta tsage, musamman kusa da wuyan da tiyon sama ke shiga, ko a layin da roba ta haɗu da ƙarfe.

Sai famfon ruwa. Yana da wata 'yar ƙaramar ƙofa a ƙasansa da ke fara ɗiga idan abin da ke tare ruwan a ciki ya cinye. Wani lokaci za ki ji yana ƙara kamar ana niƙa.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin lagireto a ɓoye a bayan dashbod, shi ke ba da iskar ɗumi lokacin hunturu. Idan shi ne ya ɓule, za ki ga kafet ɗin gaba a jiƙe, gilashi na yin hazo daga ciki, ƙanshin zaƙi ya cika mota. Wannan kada a yi masa jinkiri, domin yara ne ke shaƙar iskar.

Idan ba a ga ɗigo ba, amma ruwa na raguwa

Nan ne ake fargaba. Tsakanin kan inji da gangar jikinsa akwai wani siririn faifai da ake kira gasket, shi ke raba hanyar ruwa da ta baƙin mai da ɗakin da fetur ke ƙonewa. Idan ya ƙone, ruwan kan zube ne a cikin injin.

Alamominsa uku ne da za ki iya gani. Farin hayaƙi mai kauri da ƙanshin zaƙi daga salansa, wanda ba ya ɗaukewa ko bayan inji ya yi zafi. Ɗan farin tururin da ake gani da sassafe lokacin sanyi, wanda ke ɓacewa cikin mintuna, wannan ba komai ba ne. Na biyu, baƙin mai ya koma kalar shayi mai madara a jikin sandar awonsa ko a ƙarƙashin murfinsa. Na uku, kumfa na ta tasowa a robar ajiya ba tsayawa idan inji na aiki.

Idan kin ga ɗaya daga ciki, ki ajiye motar, a kira bakanike ya same ta a gida. Ruwa idan ya gauraya da baƙin mai, mai ya daina kare ƙarafan inji daga gogar juna, daga nan sai a ji inji ya buga. Kuma abin takaicin, sau da yawa ƙonewar gasket daga ƙaramin yoyon da aka ƙyale take farawa.

Idan allura ta hau kina kan hanya

Ki saba da kallon allurar zafi kamar yadda kike kallon ta fetur. Wurin zamanta tsakiya ne ko ƙasa da tsakiya kaɗan. Idan ta fara hawa, ki kashe na'urar sanyi, ki sauke gilasai, ki kunna hita da ƙarfinta. Za ku sha zafi, amma hitar na janye zafi daga inji kafin ki samu wurin tsayawa. Ki gangara gefe a wuri na farko mai aminci, ki kashe mota. Kada ki ce bari in ƙarasa gida, ai saura kaɗan.

Ki fitar da yara daga motar, ki tsayar da su nesa da titi da kuma gaban mota. Kada ki bari kowa ya buɗe murfin lagireto ko na robar ajiya, komai kirkinsa da gardamarsa. Ruwan da ke ciki ya fi tafasasshen ruwan tukunya zafi, ga matsi, yana iya feshe fuska da ƙirji. A jira aƙalla minti 30, in da hali awa guda, har sai an iya riƙe tiyon sama da hannu an ji ya saki. Sannan a ɗora tsumma mai kauri a murɗa a hankali, fuska a kauce. Kada kuma a kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi, ƙarfe na iya tsagewa ko ya lanƙwashe.

Bayan ya huce, ana iya zuba tsabtataccen ruwa a hankali don a lallaɓa zuwa gareji mafi kusa, ido na kan allura. Idan ana zubawa yana tsiyayewa ƙasa, sai dai a ja ta.

Idan tsautsayi ya sa wani ya ƙone, a sa wurin a ruwa mai sanyi mai gudana na minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai, gishiri ko manja. A rufe da tsabtataccen ƙyalle a tafi asibiti.

A gareji

Ki tafi da hotunanki, ki gaya wa bakanike yawan ruwan da kike ƙarawa da inda ɗigon ke faɗa. Ki ce, cikin mutunci, "Malam, don Allah nuna mini inda yake yoyon kafin a sayo komai." Bakanike na ƙwarai ba ya jin haushin wannan tambayar. Akwai wani ɗan famfon hannu mai agogo da ake ɗaurawa a bakin lagireto a hura masa iska, sai ɓular ta bayyana ko inji na kashe. Ba kowane gareji ke da shi ba, amma ya cancanci a nema idan an rasa gano wurin.

Idan tiyo ne, a sa sabo da sabon kilif, kuma a duba 'yan uwansa, domin sa'annin juna ne. Naɗe shi da roba ko salatif dabarar isa gida ce kawai. Lagireton tagulla irin na da, mai walda na iya like shi ya daɗe. Na roba kuwa, likin gam ba kasafai yake jure zafi da matsi ba, canji ya fi. Idan za a je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna a sayo na hannu, a tafi da tsohon a gwada, a kuma yi sharaɗin mayarwa idan ya yi yoyo. Ki ce a kawo miki tsohon kayan da aka cire ki gani.

Akwai shawarwari uku da za ki iya ji, ina roƙonki ki yi tunani kafin ki amince. Na farko, a cire tamostat. Wannan wata 'yar ƙofa ce da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, sannan ta buɗe idan zafi ya kai wajen digiri 80 zuwa 90. Idan ta lalace, canza ta ake yi. Cire ta ba ya toshe ɓula, sai ma ya sa inji ya daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan fetur. Na biyu, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa. Wannan na rufe alamar ciwo ne, ciwon na nan, fankar kuma ta mutu da wuri. Na uku, a zuba ɗanyen ƙwai, ko garin barkono, ko hodar toshe yoyo. Abin da ya iya toshe ɓula yana iya toshe siraran hanyoyin lagireto. Araha ba ta ado.

Bayan an gama gyara, ki tambaya ko an fitar da iskar da ta maƙale a hanyar ruwan, domin ita kaɗai tana iya sa mota ta sake zafi. Sannan ki koma ga kwalinki da hotunanki na kwana uku, ki tabbatar.

Me za a zuba?

Mun saba cewa kulant na ƙasashen ƙanƙara ne, mu nan ruwa ya wadatar. Gaskiya ne yana hana daskarewa, amma yana kuma ɗaga zafin da ruwa ke tafasa, kuma yana ɗauke da sinadaran hana tsatsa. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin irin farin dattin nan da kike gani a gindin butar shayi, su kuma cinye ƙarfe daga ciki. Yoyo da yawa a tsofaffin motocinmu daga nan ya samo asali.

Ki karanta jikin galan. Akwai wanda aka riga aka haɗa, zubawa kawai ake yi. Akwai mai ƙarfi da ake haɗawa rabi da rabi da tataccen ruwa. Ƙaramar mota kan ci wajen lita 5 zuwa 7. Kada a gauraya iri biyu, kuma idan motar ta daɗe tana shan ruwan famfo, a wanke hanyar tukuna. Ki saya a shagon da kika yarda da shi, domin kala kaɗai ba ta nuna inganci.

Gargaɗi na musamman gare mu iyaye

Yawancin kulant ana yin sa ne da wani sinadari mai suna etilin gilaikol. Guba ne, kuma yana da zaƙi, ga kala mai kyau kamar lemon kwalba ko zoɓo. Cokali kaɗan na iya lalata ƙodar ƙaramin yaro. Don Allah kada a juye ragowarsa a gorar lemo ko ta ruwa. A bar shi a galan ɗinsa, a rufe, a ɗora inda hannun yaro ba ya kaiwa. Wanda ya ɗiga a tsakar gida a tsane shi da yashi ko tsumma a wanke wurin, saboda masu rarrafe da kaji da kyanwa.

Idan kina zargin yaro ya sha, ko da kuwa yana wasansa lafiya ƙalau, ki ɗauke shi da galan ɗin ku tafi asibiti nan take. Da farko yakan yi kamar mai maye ko mai jin barci, illar ƙodar kuma sai bayan kwana ɗaya zuwa uku take bayyana. Kada a sa shi amai, kada a tsaya ba shi manja ko madara. Akwai magani idan an je da wuri.

Ni dai tun daga waccan rana na mayar da safiyar Asabar ranar duba mota. Ina haska fitila, babbar 'yata na riƙe da waya tana ɗaukar hoton robar ajiya. Shekara guda ke nan ban ƙara ruwan da ya kai kofi biyu ba, a motar da aka ce mini shan ruwa halinta ne.

'Yar uwa, idan akwai ledar ruwa da ke jiran safiya a but ɗin motarki, ki nemi kwali yau da yamma. Ki rubuto mana a ƙasa abin da kika gani a kansa, da irin abin da bakanike ya ce miki, mu ƙaru da juna. Allah ya tsare mana hanya, ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.